Salula lafiya lau, WhatsApp ya ƙi buɗewa: wa ke rufe ƙofofin, kuma don me?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa, yau za mu taɓo wata magana wadda da jin farko za a ce ta ƴan boko ce masu zama gaban kwamfuta, alhali kuwa ta shafi tukunyar kowanenmu. Ku je rumfar duk wani mai gyaran salula, a babbar kasuwar Maradi ne, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ku ɗan zauna. Ba za ku daɗe ba za a kawo salula wadda ba ta faɗi ba, ba ta sha ruwa ba, batirinta na riƙe caji, gilashinta ko tsagewa babu, amma mai ita na kukan WhatsApp ya ƙi buɗewa, ko wata manhaja ta ƙi shiga. Mai gyara ya juya ta, ya danna nan ya danna can, sa'annan ya ce: "Hajiya, salularki ba ta lalace ba, zamani ne ya wuce ta." Hajiya kuwa ta tashi ba ta gamsu ba, tana ganin yaron so yake ya sayar mata da sabuwa.

To, yaron bai yi ƙarya ba. Sai dai zamanin da yake faɗi ba iska ce ke kawo shi ba. Mutane ne ke zama cikin ofisoshinsu a Amurka, su tsai da rana, su rubuta ta, su sanar da ita tun da watanni ko shekaru, kuma ranar na zuwa su rufe ƙofa. Abin da ya sa muke ganin kamar daga sama abin ya faɗo mana, shi ne sanarwar ba ta isowa kunnenmu. A cikin salular nan kuwa akwai lambobin abokan ciniki na Kano da Lome da Agadas, akwai hotunan rasit na kuɗin da aka aika, akwai saƙon murya inda mai bashi ya amsa da bakinsa cewa buhu goma na wake ke kansa. Wanda ya rasa waɗannan ya san ba ƙaramar asara ya yi ba. Don haka ya kamata mu san yadda ake rufe ƙofofin nan, da dalili, da kuma abin da ya rage a hannunmu.

Wace ƙofa ake nufi?

Salular zamani kamar kasuwa take. Akwai mai kasuwa, wato babban tsarin da ke tafiyar da salular, wanda a mafi yawan waɗanda ke hannunmu Android ne, na kamfanin Google da ke jihar Kalifoniya. Akwai kuma ƴan haya masu rumfuna, su ne manhajoji, waɗanda samarinmu ke kira aplikasiyo: WhatsApp, Facebook, TikTok, manhajar banki, ta aika kuɗi, ta lissafi. Ɗan haya ba shi da ikon ya fasa bango ya ɗauki abin da ransa ke so. In WhatsApp na son ɗaukar hoton atamfa, sai ya je ƙofar kyamara ya nemi a ɗaukar masa. In murya yake son naɗa, akwai ƙofarta. Haka lambobin mutane, haka wurin ajiyar hotuna, haka intanet. Waɗannan ƙofofi su ne masana ke taƙaita sunansu da haruffa uku, API. Dubbai ne, kuma kowace da ƙa'idarta: yadda ake sallama, abin da ake miƙawa, da abin da ake karɓowa.

Kusan kowace shekara Google na fito da sabon Android, kuma kowane zubi yana da lambar mataki ta ƙofofinsa. Na farko da ya fito a 2008 shi ne lamba 1. Android 5.0 na 2014 lamba 21 ne, Android 6.0 na 2015 lamba 23, Android 14 na 2023 lamba 34, Android 16 na 2025 kuma lamba 36. Duk wanda ya ƙera manhaja dole ya rubuta lambobi biyu a jikinta. Ta farko: mafi tsufan Android da manhajar ta yarda ta zauna cikinsa. Ta biyu: Android ɗin da aka ƙera ta bisa dokokinsa. Ku riƙe lambobin nan biyu da kyau, domin duk rigimar a kansu take.

Daga jan fenti zuwa katafila

Mataki na farko shi ne jan fenti. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa wayar gari ya tarar ma'aikatan meri sun shafa jan fenti a jikin rumfarsa ya san ma'anar abin: ba yau za a rushe ba, amma an gaya maka. Haka Google ke yi. Yakan rubuta cikin littafin jagora na masu ƙera manhaja cewa ƙofa kaza ta tsufa, ga sabuwa an buɗe, a koma can. A allon mai rubuta manhaja ma, sunan tsohuwar ƙofar yakan fito an soke shi da layi ta tsakiya. Duk da haka ƙofar tana nan tana aiki. Tsohuwar ƙofar kyamara, alal misali, tun 2014 aka yi mata jan fenti, aka buɗe sabuwa mai suna Camera2, amma aka bar ta shekara da shekaru saboda yawan manhajojin da suka dogara da ita. Wata kuwa ba ta samun wannan sassauci. Tsohuwar ƙofar karanta lambar shaidar salula, wadda masu sayar da salula suka sani da IMEI, an yi mata alama a 2017, kuma da Android 10 ya fito a 2019 sai aka hana manhajojin gama-gari karanta lambar ta kowace ƙofa.

Mataki na biyu, a bar doka biyu suna tafiya tare. Ga misalin da ya fi kowane bayyana abin. Kafin 2015, in ka saka manhaja, a lokacin sakawa take karɓe duk izinin da take so gaba ɗaya: lambobin mutanenka, saƙonninka, kyamara, wurin da kake. Ko ka yarda da duka, ko ka haƙura da manhajar. Da Android 6.0 ya zo sai aka canza: manhaja sai ta tambaye ka a lokacin da take buƙatar abin, kuma kana da ikon ka ce a'a. Wannan shi ne ɗan allon da ke fitowa yana tambayarka ko ka yarda a taɓa hotunanka. Amma domin kada tsofaffin manhajoji su mutu rana ɗaya, sai aka ce duk wadda lambarta ta biyu ba ta kai 23 ba, a ci gaba da yi mata tsohuwar doka. An yi haka da kyakkyawar niyya, sai dai masu wayo suka ga kafa. Wasu masu ƙera manhaja, har da ɓarayi, suka riƙa rubuta lamba 22 da gangan a jikin sabuwar manhaja, domin ta shige ba tare da ta tambayi kowa ba.

Daga nan aka zo mataki na uku, wato tsare bakin kasuwa. A watan Disamba na 2017 Google ya sanar cewa daga Agusta 2018, ba za a karɓi sabuwar manhaja a Play Store ba sai lambarta ta kai 26, kuma daga Nuwamba na wannan shekara dokar za ta hau kan sabunta tsofaffi, abin da muke kira mizajur. Tun daga lokacin, kowace shekara ana ɗaga lambar. A ƙarshen Agusta 2025 ta kai 35. Mataki na huɗu, a 2022 aka sanar cewa manhajar da mai ita ya yi watsi da ita har ta yi baya da fiye da shekara biyu, za a ɓoye ta daga idon sabbin masu nema da ke riƙe da sabuwar salula, kuma bayan ƙarin wa'adi dokar ta fara aiki a 2023. Shi ya sa wani lokaci ka nemi manhajar da ka saba da ita cikin sabuwar salularka ka rasa, alhali maƙwabcinka mai tsohuwar salula yana ganin ta.

Na biyar shi ne zuwan katafila. Android 14 ya ƙi yarda a saka duk wata manhaja da lambarta ba ta kai 23 ba, ko daga ina ta fito, ko da ɗanka ne ya turo maka ita ta Xender. Android 15 na 2024 ya ɗaga zuwa 24. Ku lissafa: daga 2015 da aka kafa sabuwar dokar izini zuwa 2023 da aka toshe kafar, shekara takwas ke nan.

Ɗayan bakin wuƙar

Duk abin da muka faɗa a sama, sabuwar salula ce ke ƙin tsohuwar manhaja. Amma wuƙar baki biyu gare ta, kuma ɗayan bakin shi ya fi yankan talaka: sabuwar manhaja tana ƙin tsohuwar salula. A nan lamba ta farko ke aiki. Mai manhaja da aka tilasta wa bin sabbin ƙofofi kowace shekara, wata rana yakan gaji da riƙon tsofaffin, sai ya ɗaga lambar, ya ce daga rana kaza duk salular da ba ta kai nan ba, ba ruwansa da ita.

Tarihin WhatsApp kaɗai ya isa shaida. An kafa shi a 2009, Facebook ya saye shi a 2014 kan kimanin dalar Amurka miliyar 19. A Fabrairu 2016 ya sanar da niyyar barin BlackBerry da tsofaffin Nokia da Android 2.1 da 2.2. Bayan ƙarin wa'adi, Nokia masu tsarin Symbian suka faɗi a ƙarshen Yuni 2017, BlackBerry a ƙarshen 2017, Nokia masu tsarin S40, wato dangin Asha da matanmu suka riƙe da yawa, a ƙarshen 2018. Salulolin Windows suka bi a ƙarshen 2019. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 aka sallami Android 2.3.7, ranar 1 ga Nuwamba 2021 aka sallami Android 4.0.4, ranar 24 ga Oktoba 2023 kuma aka ce sai Android 5.0 zuwa sama. A 2025 masu iPhone 5s da iPhone 6 suka ji a jikinsu. Wanda ya dubi jerin nan ya san ba a tsaya ba, kowane ɗan lokaci sai an ƙara ɗaga dokin ƙofa.

Shi ma Google yana yin nasa. Akwai wata manhajarsa da ba a gani, mai suna Google Play Services, wadda manhajoji da yawa ke jingina da ita wajen taswira, da isar da sanarwa, da shiga asusu. Ya daina sabunta ta a kan Android 4.1 zuwa 4.3 a 2021, a kan Android 4.4 a Agusta 2023, a kan Android 5 kuma a 2024. Tun 27 ga Satumba 2021, salula mai Android 2.3.7 ko ƙasa ba ta iya shiga asusun Google ta manhajojinsa. In ginshiƙi ya daina samun gyara, rumfunan da ke jingine da shi ɗaya bayan ɗaya suke zubewa.

Suna da hujja?

Gaskiya ɗaya ce, suna da ita, kuma bai kamata fushi ya hana mu faɗi ba. Hujja ta farko tsaro ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsohuwar ƙofa da aka daina gyarawa ita ɓarawo ke nema. Yau da kuɗin mutane ke yawo cikin salula, wannan ba maganar wasa ba ce. Ƴan uwanmu na Najeriya sun ga abin da wasu manhajojin ba da rance suka yi: su kwashe lambobin duk mutanen da ke cikin salular mai karɓar bashi, in ya yi jinkirin biya su aika wa surukansa da abokan cinikinsa saƙon cin mutunci. Daga ƙarshen Mayu 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobin mutane da hotunansu. Rufe irin wannan ƙofa alheri ne ga kowa.

Hujja ta biyu kuɗi ne da wahala. Kowace tsohuwar ƙofa da aka bari a buɗe tana buƙatar ma'aikatan da za su riƙa gwada ta, su gyara ta, a biya su albashi. Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar wannan: ba wanda zai ci gaba da biyan hayar shago a unguwar da masu saye suka ƙaura. WhatsApp da kansa ya bayyana a 2016 cewa lokacin da ya fara, kusan kashi 70 cikin ɗari na salulolin zamani da ake sayarwa na BlackBerry ne da Nokia, amma cikin shekara bakwai kasuwar ta juye gaba ɗaya. Hujja ta uku, akwai abubuwan da tsohuwar salula ba ta iya ɗauka, kamar yadda amalanke ba ya ɗaukar kayan tirela.

Amma akwai ta huɗu wadda ba a cika rubutawa cikin sanarwa ba: duk salular da aka sallama, wata sabuwa za a saya a madadinta. Ba mu ce don haka kaɗai ake yi ba, sai dai ba mu taɓa jin mai ƙera salula ya yi kuka da abin ba.

Wa ke biyan kuɗin sabulu?

Lokacin da Google zai bar Android 4.4 a 2023, hujjar da ya bayar ita ce salulolin da ke kansa ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba. A bakin mai lissafi wannan ba komai ba ne. Amma tun 2021 kamfanin ya ce na'urorin Android da ke aiki a duniya sun haura miliyar 3, kuma kashi 1 cikin ɗari na miliyar 3 shi ne miliyan 30, adadin da ya fi yawan al'ummar Nijar baki ɗaya. Ko rabin haka ne, mutane ne masu yawa. Abin tambaya a nan shi ne, su wa ke riƙe da salula mai shekara goma? Ba ma'aikacin banki na Landan ba ne. Mai sayar da ƙuli-ƙuli ce da ɗanta ya aiko mata da tsohuwar salularsa daga Libiya ko Abijan, da manomin albasa na Galmi, da mai turin kura da ya yi wata shida yana tara kuɗi ya sayi ta hannu.

Abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne ba duk salula ake yi wa adalci ɗaya ba. Google ya yi wa salularsa Pixel 8 ta 2023 alkawarin sabuntawa na shekara bakwai, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 ta 2024 irin wannan alkawari. Waɗannan kuwa saluloli ne na masu hannu da shuni. Masu araha da suka cika kasuwanninmu, da yawansu da Android ɗin da suka zo da shi suke tsufa, ko su samu ƙari ɗaya su tsaya. Ke nan mai kuɗi ya sayi salula ta girma tare da zamani, talaka ya sayi tasa ta tsaya inda aka haife ta. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, amma a nan ba ado ake nema ba, abin neman abinci ne.

Wani lokaci kuma ƙofar da aka rufe don kare wani, ita ce wani ke cin abinci da ita. Ƴan kasuwa da dama sun saba naɗar kiran waya domin ya zama shaida in an yi musun farashi. Daga 11 ga Mayu 2022 Google ya hana manhajojin Play Store bin ƙofar da suke bi suna naɗar kira, saboda a ƙasashe da yawa naɗar muryar mutum ba da saninsa ba laifi ne. Sai salular da ta zo da abin naɗar daga kamfaninta ta tsira. Ba wanda ya tambayi dillalin shanu ra'ayinsa kafin a yanke.

Rufewa ma da ladabinta

Mu ƴan kasuwa ba baƙin irin wannan canji ba ne, mun gan shi a kan kuɗi. Manya ba su manta 2004 ba, lokacin da bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun sefa na zubin 1992. Sabbin sun fara yawo tun 2003, tsoho da sabo suka yi tafiya tare, sa'annan aka ba da wa'adi daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba 2004, aka kuma ƙara wani ɗan lokaci a farkon 2005. Duk da haka an samu mutanen karkara da labari bai kai gare su da wuri ba. Sai kuma canjin naira: an sanar a Oktoba 2022, sabbin takardun 200 da 500 da 1000 suka fito 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin su daina aiki 31 ga Janairu 2023, aka ƙara kwana goma kacal. Sabbin ba su wadata ba, ciniki ya tsaya cik daga Kano har Maradi da Ƙonni, sai da kotun ƙolin Najeriya ta sa baki a watan Maris aka dawo da tsofaffin.

Haka abin yake a duniyar manhaja. Kamfanin Adobe ya sanar tun Yuli 2017 cewa zai kashe Flash, wanda bidiyo da wasanni da yawa na intanet suka dogara da shi, a ƙarshen 2020: wa'adin fiye da shekara uku. Twitter kuwa, bayan Elon Musk ya saye shi a Oktoba 2022, a Janairu 2023 ya toshe ƙofar da manhajoji irin su Tweetbot da Twitterrific suka yi shekaru suna bi, ba tare da sanarwa ba, har masu su suka rufe sana'ar. A Fabrairu kuma ya ba da sanarwar mako ɗaya cewa ƙofar kyauta za ta koma ta kuɗi.

Darasin a fili yake. Canji mai ladabi yana da sharuɗɗa uku: a buɗe sabuwar hanya kafin a rufe tsohuwa, a ba da wa'adi mai tsawo, a kuma tabbatar labari ya kai ga wanda abin zai shafa. In aka auna Google da WhatsApp da wannan tiya, na farko da na biyu sun yi ƙoƙari. Na uku ne ya gaza a wajenmu. Sanarwar da aka rubuta da Ingilishi a shafin masu ƙera manhaja, ko ɗan rubutun Faransanci da ya fito a allon matar da ba ta yi lakwal ba kuma da saƙon murya kaɗai take ciniki, a wurinta daidai yake da ba a yi sanarwa ba.

Abin da ke hannunmu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yau ɗin nan, kowa ya sa ɗansa ko mai gyara ya buɗe masa Paramètres, ya gangara zuwa À propos du téléphone, ya duba lambar Android. Wanda ya ga 5 ko 6 ko 7, ya san salularsa na bakin layi, ya fara tanadi tun yanzu, ko adashi ne ya shiga. Wanda zai sayi salula, musamman ta hannu, kada kyan gilashi da girman kyamara su ruɗe shi. Ya tambayi lambar Android kafin ya tambayi farashi, ya kuma nemi a buɗe WhatsApp da Play Store a gabansa. Salular da aka rage maka jaka biyar a kanta amma saura mata shekara ɗaya, ta fi kowace tsada.

In WhatsApp ya fara nuna wani rubutu mai ɗauke da kwanan wata, kada a danne shi a wuce, a nemi wanda zai karanta. Kamfanin yakan yi gargaɗi cikin manhajar kafin ya rufe. A sa a yi ajiyar saƙonni a asusun Google, lambobin mutane ma a ajiye su can, kuma a rubuta sunan asusun da kalmar sirrinsa a adana a gida, domin da yawa yaron shago ne ya buɗe musu asusun, shi ma ya manta. Mizajur kuma in ta zo a yi ta. Mun san megabit ɗin da take ci kuɗi ne, amma ƙin yin ta na iya jawo asarar da ta fi wannan.

Mu yi hattara da masu cewa za su saka mana wani WhatsApp na daban mai aiki a kowace salula, irin su GB WhatsApp. Ba na kamfanin ba ne, ba wanda ya san inda saƙonninka ke biyawa, kuma kamfanin yana rufe lambar wanda ya kama da shi. Sa'annan kada mu yar da littafin bashi. Abin da ke kan takarda ba wani kamfani a Kalifoniya da zai tsai da ranar mutuwarsa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Tarayyar Turai ta kafa doka, wadda ta fara aiki 20 ga Yuni 2025, cewa duk salular da za a sayar a ƙasashenta sai an ci gaba da sabunta tsarinta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da irinta, a kuma samar da kayan gyaranta na shekara bakwai. Sun samu haka ne domin sun haɗa kai sun yi magana da murya ɗaya a matsayin babbar kasuwa. Mu ba mu kai su ƙarfi ba, amma akwai abin da ba ya buƙatar izinin Google. Hukumar ARCEP da ma'aikatar kasuwanci suna iya wajabta wa masu shigo da salula su rubuta lambar Android da shekarar ƙira a jikin kwali yadda kowa zai gani. Kamfanonin sadarwa da ke cika mu da saƙonnin talla dare da rana suna iya aiko da gargaɗi cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa duk lokacin da aka tsai da ranar rufe wata ƙofa. Sandikar ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata su ma suna iya gayyato mai gyaran salula ya duba na membobinsu a zama ɗaya.

Ƙofofi za a ci gaba da rufe su, wannan babu makawa, kuma wasu ma gara a rufe su. Abin da muke nema bai wuce abin da kowane ɗan haya ke nema wajen mai rumfa ba: in za ka tashe ni, ka gaya mini da wuri, cikin harshen da nake ji, domin in kwashe kayana. Kafin a kai ga haka, Hajiya, idan yaron nan mai gyara ya ce miki zamani ya wuce salularki, ki ce ya nuna miki lambar. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.